Kundin Da Ba Ya Goguwa: Fasahar Bulokcen Da Amanar Gwajin Magunguna

A farkon shekarar 1996, cikin tsananin zafin bazara, annobar sanƙarau ta afka wa arewacin Nijeriya. Mutane fiye da 100,000 suka kamu da cutar, fiye da 11,000 kuma suka rasu. Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, wanda jama'a suka fi sani da Asibitin Zana, ya cika ya batse. Ana cikin wannan hali ne wata tawaga ta kamfanin harhaɗa magunguna na Pfizer ta sauka daga Amurka, ɗauke da wani sabon magani mai suna Trovan. Aka ɗebi yara 200, aka ba wa kimanin rabinsu sabon maganin, sauran kuma aka yi musu allurar wani sanannen magani, wato ceftriaxone, domin a kwatanta ingancin biyun. Yara 11 suka rasu, 5 daga rukunin farko, 6 daga na biyu. Wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki, waɗanda illoli ne da shi kansa sanƙarau yakan bari.

An shafe shekaru ana shari'a a kan abin da ya faru a waɗannan makonni. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe yaran, kuma maganinsa ya ceci rayuka. A shekarar 2009 ya sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba. Amma a cikin tarin takardun wannan shari'a akwai wata wasiƙa guda wadda ta cancanci ɗalibin kimiyya ya tsaya a kanta.

Ƙa'ida ce cewa ba a gwada magani a jikin ɗan Adam sai wani kwamitin masana, mai kula da ɗa'ar bincike, ya duba tsarin gwajin ya amince. A shekarar 1997 kamfanin ya miƙa wa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka wata wasiƙar amincewa mai ɗauke da sunan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da kwanan wata na Maris 1996, wato 'yan kwanaki kafin a fara gwajin. Sai a watan Janairun 2001 jaridar Washington Post ta buga labarin cewa a lokacin gwajin asibitin bai ma kafa irin wannan kwamiti ba tukuna, kuma an rubuta wasiƙar ne daga baya, aka mayar da kwanan watanta baya. Takarda ba ta da baki. Duk ranar da alƙalami ya ɗora mata, ita za ta nuna wa mai dubawa.

Ɓarnar irin wannan al'amari ba ta tsayawa a kotu. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa Yulin 2004, masu nazari da dama sun lissafa tunawa da Trovan cikin abubuwan da suka sa jita-jita ta sami kunnuwan saurare. To, shin akwai wata dabara da za ta sa takarda ta riƙa shaidar ranar haihuwarta da kanta, ta yadda babu mai iya ƙara mata shekaru ko rage mata? Masu goyon bayan fasahar nan da ake kira bulokcen sun ce akwai.

Alkawari kafin gwaji

Kafin a shiga bayanin fasahar, ya kamata mai karatu ya fahimci dalilin da ya sa kwanan wata yake da wannan nauyi a gwajin magani. Ba izini kaɗai ake nema kafin a fara ba. Dole ne mai bincike ya rubuta tsarin gwajinsa filla-filla: mutum nawa za a ɗauka, yaya za a raba su rukuni-rukuni, wane awo na magani za a bayar, sa'an nan, mafi muhimmanci, da wane ma'auni za a yanke hukuncin cewa maganin ya yi aiki. Wannan alkawari ne da yake ɗaure kansa da shi tun bai ga sakamako ba.

Alal misali, a ce wani shugaban makaranta ya zo da sabuwar hanyar koyarwa, ya ce za a gane amfaninta a jarrabawar lissafi. Da sakamako ya fito, lissafi bai motsa ba, amma a darasin zane an sami ɗan ci gaba. Sai ya tara iyaye ya ce dama zane yake nufi. Duk wanda bai ji alkawarinsa na farko ba zai tafa masa. A fannin ƙididdiga ana karɓar sakamako ne idan yiwuwar faruwarsa bisa katari bai kai 1 cikin 20 ba. Amma idan mutum ya auna abubuwa 20 marasa alaƙa da juna, ko da maganinsa ruwan rijiya ne, yiwuwar ya dace da aƙalla guda ɗaya mai kama da nasara ta kai kashi 64 cikin 100. Malamin lissafi zai iya nuna wa ɗalibansa wannan a kan allo: a ninka 0.95 da kansa sau 20, a cire abin da aka samu daga 1.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Daga 1994 zuwa 1998 kamfanin SmithKline Beecham, wanda daga baya ya zama GlaxoSmithKline, ya gudanar da wani gwaji da aka sani da lamba 329 a Amurka da Kanada. Matasa 275 masu fama da ciwon damuwa mai tsanani suka shiga, domin a ga ko maganin paroxetine zai taimake su. A ma'aunan da aka rubuta tun farko, maganin bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba. Duk da haka rahoton da aka buga a 2001 ya fito da wasu ma'aunai da ba sa cikin tsarin asali, ya kuma kammala da cewa maganin yana aiki, kuma jiki yana karɓarsa. Likitoci suka riƙa rubuta wa yara shi. A 2012 kamfanin ya biya gwamnatin Amurka dala biliyan 3 a kan tuhume-tuhume da dama, ciki har da tallata wannan magani ga 'yan ƙasa da shekara 18. A 2015 wasu masana masu zaman kansu suka sake bin bayanan gwajin ɗaya bayan ɗaya, suka buga a mujallar BMJ cewa maganin bai amfani matasan ba, ya ma ƙara musu haɗarin tunanin kashe kai.

Dangwalen lissafi

Ginshiƙin farko na bulokcen wani lissafi ne da masana suke kira hash. Za a iya kiransa dangwalen lissafi, domin aikinsa ya yi kama da na babban yatsan da ake dangwalawa a takarda. Ana zuba wa na'ura mai ƙwaƙwalwa rubutu kowane iri, ko kalma guda ce ko littafi mai shafi 1,000, sai ta niƙa shi ta fitar da wani ɗan gajeren jeri na lambobi da haruffa. A tsarin da aka fi amfani da shi, mai suna SHA-256, wanda Amurka ta fitar a 2001, tsawon jerin kullum 64 ne.

Wannan dangwale yana da halaye masu ban mamaki. Rubutu ɗaya kullum dangwale ɗaya yake bayarwa, ko a Zariya aka lissafa ko a Tokyo. Amma da zarar an taɓa ko da ɗigo ne a cikin rubutun, sai dangwalen ya sauya gaba ɗaya. Kalmar gaisuwar Turanci hello, idan an rubuta ta da ƙaramin harafi, dangwalenta yana farawa da 2cf24dba. Idan aka mayar da harafin farko babba, sai ya fara da 185f8db3. Babu wata kama tsakaninsu. Bugu da ƙari, ba a iya komawa daga dangwale a gano rubutun da ya haife shi, kamar yadda ba a iya mayar da gari ya koma dawa. Yawan dangwalen da tsarin zai iya fitarwa lamba ce mai alƙaluma 78, shi ya sa har yau ba a sami wanda ya nuna takardu biyu mabambanta masu dangwale ɗaya ba.

Amfanin wannan ga mai bincike a fili yake. Yana iya ɓoye tsarin gwajinsa daga abokan hamayya, amma ya bayyana dangwalensa ga duniya a yau. Bayan shekara biyar, duk mai shakka sai ya karɓi takardar ya sake lissafawa. In dangwalen ya zo daidai, takardar ce ta asali. In ya saɓa, an taɓa ta.

Yadda ake ƙulla sarƙar

Saura tambaya ɗaya: a ina za a ajiye dangwalen, inda shi ma ba za a sauya shi ba? A 1991 wasu masana biyu na cibiyar bincike ta Bellcore a Amurka, Stuart Haber da Scott Stornetta, suka kawo amsa. Suka ce a riƙa rubuta dangwalen a kundi, shafi bayan shafi, amma kowane sabon shafi ya fara da dangwalen shafin da ya gabace shi. Ta haka shafukan suka zama kamar zoben sarƙa, kowane yana riƙe da na bayansa. Turawa suna kiran kowane shafi tubali, daga nan sunan bulokcen ya samo asali, wato sarƙar tubala.

Malami zai iya gwada wannan a aji ba tare da kwamfuta ba. A shafi na farko a rubuta zafin jikin marasa lafiya uku: 38, 39, 37. A tara su, a ninka da 13, a raba da 97, abin da ya yi saura shi ne hatimin shafin. A nan za a sami 27. A shafi na biyu a rubuta 40, 38, 38, a tara su tare da 27 ɗin nan, a sake yin lissafin, hatimi zai fito 16. To, sai a sa wani ɗalibi ya koma shafi na farko a ɓoye ya mayar da 39 ta zama 37, kamar dai mai son nuna cewa zazzaɓi ya sauka. Duk wanda ya sake lissafi zai ga hatimin farko ya koma 1, na biyu kuma ya koma 66. Ƙaryar shafi ɗaya ta ɓata duk shafukan da suka biyo baya. (Ɗalibi mai wayo zai gano cewa in ya rage 2 a nan ya ƙara 2 a can, hatimin ba zai motsa ba. Wannan ramin ne SHA-256 ya toshe.)

Har yanzu mai riƙe da kundin yana iya zama cikin dare ya sake rubuta dukan shafukan daga farko. Maganin da Haber da Stornetta suka samo yana da ban sha'awa saboda sauƙinsa. Tun daga 1995 kamfaninsu mai suna Surety ya riƙa buga dangwalen kundinsa kowane mako a sashen ƙananan tallace-tallace na jaridar New York Times, ya kuma shafe fiye da shekara 20 yana yin haka. Wanda yake son sauya tarihin kundin sai ya bi ɗakunan karatu na duniya ya tattara jaridun. Ya kamata a lura da shekarar: an fara wannan aiki shekara guda kafin annobar Kano.

A 2008 wani mutum, ko wasu mutane, da ya ɓoye a bayan sunan Satoshi Nakamoto, ya ɗauki wannan dabara ya gina kuɗin Bitcoin a kanta, wanda ya fara aiki ranar 3 ga Janairu, 2009. Maimakon jarida, sai aka rarraba kwafin kundin ga dubban kwamfutoci a faɗin duniya, ana ƙara sabon tubali kusan kowane minti 10. Misalinsa kamar adashe ne wanda ba uwar adashe kaɗai take riƙe da littafi ba. Kowace 'yar zubi tana da nata kwafin, kuma ba a rubuta zubi ko ɗauka sai sun haɗu sun shaida. In uwar adashe ta goge wani layi a nata littafin, sauran littattafan za su ƙaryata ta.

Daga kasuwar kuɗi zuwa asibiti

A 2014 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar McGill ta Kanada, Benjamin Carlisle, ya bayyana yadda za a cusa dangwalen tsarin gwaji cikin kundin Bitcoin da kuɗi ƙalilan. A 2016 wasu likitoci biyu na Ingila suka buga maƙala a mujallar F1000Research suna cewa sun aiwatar da hakan. Labarin ya bazu, jaridu suka yaba. Amma da wasu masana suka zauna suka bi matakan, sai dangwalen takardar ya ƙi haɗuwa da abin da yake cikin kundin. A 2017 aka janye maƙalar. Akwai abin dariya a nan, akwai kuma abin lura: maƙalar da aka rubuta domin gyara amanar kimiyya ta wuce hannun masu tantancewa ba tare da an tabbatar da lissafinta ba, kuma kasancewar kundin a buɗe ga kowa shi ya ba da damar a gano kuskuren.

Aikin da ya fi wannan nauyi shi ne na masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, wanda suka buga a mujallar Nature Communications a 2019. Sun gina kundi inda kowane mai hannu a gwaji, daga likita zuwa kamfani zuwa hukuma, yake shigar da aikinsa da sunansa da lokacinsa. Suka zuba masa bayanan wani gwaji na gaske da aka riga aka kammala, sa'an nan suka yi ƙoƙarin maguɗi da gangan, kamar sauya rahoton illar da magani ya yi wa mara lafiya. Kundin bai hana gyara ba, domin kuskure na gaskiya yakan faru kuma dole a gyara shi. Abin da ya yi shi ne ya ajiye tsohon rubutu da sabon, da wanda ya gyara, da ranar da ya gyara. Sai dai wannan samfuri ne na gwaji, ba tsarin da aka ɗora rayukan marasa lafiya a kansa ba.

Ta fuskar musayar bayanan lafiya, ƙasar da aka fi ambata ita ce Estoniya, wata 'yar ƙaramar ƙasa a arewacin Turai mai mutane kimanin miliyan 1.3. Bayan harin da aka kai wa kwamfutocin gwamnatinta da bankunanta a 2007, ƙasar ta ɗauki tsaron bayanai da muhimmanci ƙwarai. A 2016 hukumar kula da bayanan lafiyarta ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Guardtime domin kare fayilolin marasa lafiya fiye da miliyan 1. Ɗan ƙasar yana iya shiga da katin shaidarsa ya ga fayil ɗinsa, ya kuma ga sunan duk likitan da ya buɗe shi da ranar da ya buɗe. Ma'aikacin da ya leƙa fayil ɗin maƙwabcinsa don gulma ba zai iya share sawunsa ba. Wasu masana suna jayayya cewa tsarin na Estoniya ya fi kusa da na Haber da Stornetta fiye da na Bitcoin, kuma suna da hujja. A shekarar 2016 ɗin dai, wasu masu bincike a cibiyar fasaha ta MIT suka ƙirƙiri MedRec a kan kundin Ethereum, suka yi masa ɗan gwaji a asibitin Beth Israel Deaconess na birnin Boston. Manufarsa ita ce mara lafiya ya riƙe mabuɗi, shi zai ce asibiti kaza ya ga sakamakon awon jininsa, asibiti kaza kada ya gani.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a dukan waɗannan tsare-tsare biyu ba a zuba fayil ɗin mara lafiya cikin sarƙar. Fayil yana nan a rumbun asibiti. Dangwale da bayanin izini kaɗai suke shiga. Dalilin kuwa shi ne halin da ya sa kundin ya zama abin yabo shi ne kuma ya sa ya zama abin tsoro: ba ya mantuwa. Sirrin mutumin da yake ɗauke da cutar ƙanjamau, in ya shiga kundin da dubban mutane suke da kwafinsa, ya shiga ke nan har abada. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, da takwararta ta Nijeriya ta 2023, duk sun ba mutum 'yancin neman a goge bayanansa. Cire suna kawai bai wadatar ba. A 1997 Latanya Sweeney, tana ɗaliba a MIT, ta zaƙulo fayil ɗin asibiti na gwamnan Jihar Massachusetts daga cikin bayanan da aka ce an cire musu sunaye, ta hanyar haɗa ranar haihuwa da jinsi da lambar unguwa da rajistar masu zaɓe.

Shi kansa dangwalen yana iya tona asiri in abin da aka niƙa gajere ne. A ce an ɗauki sunan wata budurwa da sakamakon awon jininta na sikila aka yi musu dangwale. Mai neman ɓata mata aure ba ya bukatar warware lissafin. Sai kawai ya gwada sunanta da AA, da AS, da SS, ya ga wanne ya dace. Saboda haka injiniyoyi sukan cakuɗa wasu lambobi na sirri cikin rubutun kafin a niƙa, kuma sunan da suka raɗa wa wannan ƙari shi ne gishiri. Akwai kuma matsalar mabuɗi. Mutumin da aka kawo asibiti a sume bayan haɗarin mota ba zai iya ba da izini ba, tsohuwar da wayarta ta ɓace kuma ba a ce fayil ɗinta ya ɓace tare da ita ba. Dole a bar wata ƙofar baya a hannun wata hukuma, kuma da zarar an yi haka an dawo ga amincewa da mutane.

Batun cin wutar lantarki da aka san Bitcoin da shi bai cika shafar wannan fanni ba, domin tsare-tsaren lafiya sun fi amfani da kundi na 'yan ƙungiya, inda sanannun cibiyoyi kaɗan ne suke riƙe da kwafi. Tambayar da ya kamata a yi wa duk mai tallar irin wannan kundi ita ce: su wane ne masu riƙon? In dukan kwamfutocin na kamfanin da ya biya kuɗin gwajin ne, to uwar adashe ce ta sayi littattafai biyar ta jera a ɗakinta.

Abin da sarƙa ba ta gani

Kundin sarƙa yana shaida abu biyu: wannan rubutu ya wanzu a rana kaza, kuma ba a taɓa shi ba tun daga nan. Ba ya shaida cewa rubutun gaskiya ne. A 2012 ƙungiyar likitocin sa barci ta Japan ta bayyana cewa wani ɗanta, Yoshitaka Fujii, ya ƙirƙiri bayanan maƙaloli aƙalla 172. A mafi yawansu babu alamar an ga mara lafiya ko ɗaya. Da a ce yana shigar da ƙagaggun lambobinsa cikin bulokcen kowace safiya, da kundin ya adana su cikin aminci, da kwanan wata da hatimi. Abin da ya kama shi wani likita ne a Ingila da ya zauna ya bi gwaje-gwajensa 168 da ilimin ƙididdiga, ya nuna cewa lambobin sun yi kyau fiye da yadda jikin ɗan Adam yake bayarwa.

Akwai ma hujjar da ta fi wannan sanyaya gwiwa. Ajiye alkawarin gwaji a bainar jama'a ba sabon abu ba ne. Amurka ta buɗe rajistar ClinicalTrials.gov a 2000, wadda take nuna duk gyaran da aka yi wa tsari da ranarsa. Daga 2005 manyan mujallun likitanci suka daina karɓar gwajin da ba a yi wa rajista ba. Afirka ma tana da tata rajistar, PACTR, a birnin Cape Town, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2009. Duk da haka, a ƙarshen 2015 wata tawaga a Jami'ar Oxford ƙarƙashin Ben Goldacre ta ɗauki gwaje-gwaje 67 da aka buga a manyan mujallu biyar, ta kwatanta abin da aka yi alkawari da abin da aka buga. Guda 9 kacal suka cika alkawari daidai. An yi shiru a kan ma'aunai 354 da aka ce za a auna, an kuma shigo da sababbi 357 ba tare da sanarwa ba. Tawagar ta aika wasiƙun gyara 58, mujallun suka buga 23. Babu wanda ya goge komai a cikin rajista. Alkawuran suna nan a buɗe, mai dubawa ne babu, kuma da aka sami mai dubawar ma sai aka ƙi saurarensa.

Wannan ba ya nufin fasahar ba ta da gurbi. Inda take da amfani na zahiri shi ne inda ɓangarori da yawa suke aiki tare amma babu wanda duka suka yarda ya riƙe littafi shi kaɗai, kamar gwajin da kamfanin wata nahiya yake yi a asibitin wata nahiyar. Nijeriya ta yau ba ta 1996 ba ce. Tun 2007 akwai kundin ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa da kwamitin da yake kula da shi, hukumar NAFDAC ce take ba da izinin gwajin magani, kuma a watan Mayun 2023 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan bulokcen. Da waɗannan hukumomi da jami'o'i za su riƙe kwafin kundi ɗaya tare da kamfanonin waje, da ba sai an jira wata jarida a Washington ba kafin a san ranar da aka rubuta wata wasiƙa a Kano. Amma hakan yana bukatar doka mai cewa takardar da ba ta da hatimi kafin ranar fara gwaji ba takarda ba ce. Yana kuma bukatar wutar lantarki da kwamfuta a asibitocin da har yanzu fayil ɗin kwali ne a kan kanta.

In an ɗora gwajin Trovan a kan wannan ma'auni, za a ga iyakar abin. Kundin sarƙa zai tona wasiƙar amincewa a rana ɗaya. Zai nuna lokacin da aka rage awon allurar ceftriaxone da ake yi wa rukuni na biyu, da wanda ya ba da umurnin, matakin da kamfanin ya ce an ɗauka ne don rage wa yara zafin allura kuma bai rage ƙarfin maganin ba, lauyoyin iyaye kuwa suka ce ba haka ba ne. Amma babbar gardamar shari'ar a kan wata magana ce ta baki da aka yi, ko ba a yi ba, a gefen gadon yaro. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, ba a kuma gaya musu cewa likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières suna ba da sanannen magani kyauta a cikin harabar asibitin ba. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi bayani da Hausa, iyaye kuma sun amsa da baki. Takardar yarda mai sa hannu ko dangwalen yatsa ba a gabatar ba. Ko da an gabatar, an kuma yi mata hatimin lissafi, hatimin ba zai faɗi ko uban da ya dangwala ya fahimci abin da aka ce masa ba, alhali ɗansa yana kwance wuya a sanƙare.

Akwai wani aiki guda da kundi mai aminci zai sauƙaƙa, wanda ba a cika ambatonsa ba. Bayan sasantawar 2009, da aka zo biyan diyya, waɗanda suka gabatar da kansu sun ninka yara 200 ɗin da aka yi gwajin da su fiye da sau biyu. Sai da aka koma ga gwajin ƙwayoyin halitta na DNA domin a tantance waɗanda suke da alaƙa ta jini da yaran. A watan Agustan 2011, shekara 15 bayan annobar, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu.